Kujerar Baya Mai Lamba Tara

Yau shekara bakwai cif. Ranar Talata ce, ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, a tsakar gidanmu da ke Gaya. Mu uku ne a wurin: ni, da mahaifiyarmu Inna, da Rakiya matar yayana. Yayana Hamidu yana durƙushe cikin mota yana kankare tsohon gam da wuƙa, sai ya miƙo mini wuƙar ya ce in riƙe masa, ƙirjinsa ya yi nauyi. Na riƙe. Bai sake karɓa ba. Allah Ya jiƙansa.

Motar Fijo 404 ce, wadda muke kira kat-san-kat. Ta mahaifinmu ce, da ita ya yi jigila tsakanin Gaya da Dosso har ƙarfinsa ya ƙare. Da Yaya ya ajiye tuƙin kamyo, babbar motar kaya, sai ya ja ta ƙarƙashin darbejiya ya ce zai tashe ta. Inji bai ba shi wuya ba. Cikin ne aiki: kujeru sun ruɓe, rufin sama ya zazzago, ɓeraye sun cinye soso. Ya kwance komai, ya sa wa kowane yanki lamba da farin fenti, ni kuma ina rubutawa a kaye, wato littafin rubutu, domin karatuna bai yi nisa ba amma na yi shekaru ina tsaron sito. Yanki ashirin da uku ne. Kujerar baya ita ce ta tara.

Ga yadda na yi kuskuren, bi da bi. Da aka zauna makoki mun aro tabarmi da benci daga maƙwabta da dangi. Tsofaffi masu ciwon gwiwa suka yi yawa, sai na sa aka fito da kujerun motar aka jera musu a rumfa. Ran uku, bayan addu'a, na ce kada magariba ta yi da kayan aro a ƙofar gida. Aka loda a amalanke da motocin baƙin Tanda da Yelu da Kamba. Na tsaya da kaye na ƙirga kayan mutane ɗaya bayan ɗaya har suka cika. Namu ban ƙirga ba. Sai bayan arba'in na buɗe ɗaki na tarar da lamba takwas da lamba goma, babu tara.

Sauran aikin na gama shi da hannuna. Na fara da rufin sama, sau uku ina manna shi yana faɗowa. Sannan jikin ƙofofi, sannan tapi na shimfiɗar ƙasa, sannan kujerun gaba. Da Yaya zai leƙo yau, zai fara shafa ɗinkin ya ce ya karkace. Zai yi mamakin yadda babura suka cika gari, da yadda tsallaka kogi zuwa Malanbil ya zama abin lissafi tun da aka rufe gada. Daga nan zai dubi gurbin kujerar baya ya ce, "Malam mai kaye, ka ƙirga na duniya ka bar naka?" 

Mai karatu zai ce a sayi wata mana. Na saya. A kwale-kwale na tsallako da ita daga Malanbil, na sa mata sabuwar fata, na ɗaure, na kamo hannun Inna na kawo ta. Idanunta sun tafi shekara huɗu ke nan. Ta zauna, ta kai hannu gefen hagu tana lalube.

"Sani, wannan ta wane ce?"

"Ta motar ce, Inna."

"Da furfurarka kake mini ƙarya? Fitar da ni."

Ranar ta gaya mini abin da ban taɓa ji ba. Yaya yana ɗan shekara shida ya farke kujerar da ƙusa. Inna ta ɗinke da baƙin zare kafin mahaifinmu ya dawo daga masallaci, ta ce ita ce ta yaga da bakin kwando. Yaya ɗan fari ne. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ko ranar da ya faɗi a gabanta ba a ga hawayenta ba. "Mai motar" take ce masa. Wannan ɗinkin shi ne kaɗai abin da ta yi masa wanda hannu zai iya taɓawa. Shi ma ya sani, domin ya ce duk fatar zai sake ban da wurin, kuma ya yi mata alkawarin a kan kujerar zai kai ta Tanda wajen ƙanwarta.

Rakiya ta ce mu yaga sabuwar mu ɗinke. Na yi, Allah Ya yafe mini. Inna ta bi zaren da yatsa ta ce, "Ɗinkin namiji ne wannan." Kwana biyu ba ta amsa gaisuwata ba.

Na je Tanda sau biyar, Yelu sau uku, Kamba sau biyu. Na leƙa zauruka da rumfunan shayi har ana mini kallon mai taɓin hankali. Yanzu Inna ba ta iya gama ko rabin kofin kunu. Ƙanwarta ma tana kwance. Na kawo motar haya har ƙofa, Inna ta ce ita ba kaya ba ce, mai motar ya riga ya faɗi yadda za ta tafi. Likita ya ce in akwai tafiyar da za a yi, a yi ta da wuri.

Abin da ya rage na Yaya shi ne mota mai tashi da bugu ɗaya, da lambobi ashirin da biyu a mazauninsu, da alkawari ɗaya da na hana shi cikawa.

Don haka ina roƙonka, kai mai karatu. In ka zo makokin Hamidu direba a Gaya, ko wani naka ya zo, ka duba abin da kake zama a kai a zaure ko ƙofar shago. Doguwa ce, ja mai duhu, da ɗinkin baƙin zare tsawon yatsa a gefen hagu. Ka kifa ta. In ka ga tara da farin fenti, kada ka wanke, kada ka gyara, ba zan tambaye ka komai ba. Ka zo tashar Gaya ka ce a nuna maka gidan kat-san-kat. Ka zo cikin makon nan.