Onodera-san, Mai Shimfiɗa Ƙarfe

Da safiyar Talata, 14 ga Janairu, 2025, 'yarka Fumie ta kira ni ta ce ka cika a asibiti a birnin Sendai na ƙasar Japan, kana da shekara saba'in da uku.

Shekara talatin kana riƙe da injin shimfiɗa ƙarfe a ɗakin bincikenmu na jami'a. Ƙarfen kobalt, tagulla, sai kobalt kuma, kowace shimfiɗa ba ta wuce kaurin ƙwayar zarra biyar ba. Mu ɗalibai mukan karɓa, mu kanga musu maganaɗisu, mu auna yadda lantarki ke samun sauƙin wucewa idan shimfiɗun kobalt suka fuskanci gefe guda. In tagullar ta ƙara kauri ko ƙiris, ba abin da za a gani. Naka ba su taɓa ba mu kunya ba. Ranar da na fasa shimfiɗa ta farko da ka ba ni, ce min kawai ka yi, "Abukawa-kun, wannan hannun naki na daka shinkafa ne."

Girgizar ƙasar Maris 2011 ta tsaga injin, iska ta shige shi, alhali ba ya aiki sai babu iska a cikinsa. Saura mini wata shida in miƙa kundin digirina, rabin awon bai samu ba. A kwana na tara ka iso a kan keke. Na tambaye ka mutanen gida.

"Gida yana inda ruwa ya ajiye shi," ka ce. "Miƙo min sifana."

Na ɗauka irin barkwancinka ne, na yi dariya. Mako bakwai muka yi muna gyara. Ba ka zuwa sai da rana, har na taɓa yi maka ƙorafi.

Sai bayan na miƙa kundin Fumie ta faɗa min cewa ambaliyar teku da ta biyo bayan girgizar ta tafi da gidanku na garin Yuriage, da matarka Setsuko a ciki. A zauren wata makaranta kake kwana, da safe kuma kana bin wuraren da aka ajiye gawarwaki kana dubawa. Na same ka na sunkuya ina neman gafara, ka hana ni ƙarasawa.

"Da kin sani, da kin ce in zauna. To ina kike so in je in zauna?"

Ba a ga Setsuko ba har yau.

Ubangiji ya yi maka rahama, ya sada ka da ita. Fumie da jikokinka biyu, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi.