Kariyar Hamidu Mai Faci

Shekara goma sha bakwai Hamidu yana faci a bakin hanyar Ƙwanni, kuma duk Illela ba wanda ya taɓa jin ya yi zancen fure. Kwatsam wata Lahadi ya dawo daga Amarawa da reshen kariya, ya cika tsohuwar taya da yashi, ya dasa. Wai don ado. Ni dai na lura da inda ya aje tayar: daidai saitin tandar Lubabatu, bazawarar da ke tuyar masa a tsallaken titi.

Ita kariya a ƙaton gindinta take ajiye ruwa. Ka manta da ita wata guda, ta yi maka jan fure. Ka cika yi mata kirki, ta ruɓe.

Lubabatu ta fara yi mata kirki. Kullum in ta tashi daga tuya sai ta tsallako da bokiti ta kwara, ta ce, "Malam Hamidu, iccenka na jin ƙishi." Shi kuwa baki har kunne, "Allah shi saka da alheri." Ranar farko don murna ya yi ta ɗura wa tayar wani ɗan kabu-kabu iska har ta fashe, yana dariya ya saka sabuwa.

Mako uku, ganye ya koma rawaya, gindi ya yi laushi kamar ruɓaɓɓiyar albasa. In ya hana ruwa, Lubabatu ta daina zuwa. In icen ya mutu, nan ma ta daina. Sai ya koma da ta juya baya ya tone jiƙaƙƙen yashi ya zuba busasshe. Duk da haka ruɓar ba ta tsaya ba.

Ran nan ta iso da bokiti, ya tare ta.

"Lubabatu, don Allah ki yi haƙuri. Kariya ba ta son ruwa."

"Na sani. Ni ɗiyar Kalmalo ta, da kariya munka yi shingen gonarmu."

"To mi as sa kike kashe min ita?"

"In gani ko kana da baki. Kullum ina ɗaukar ruwa, kai sai Allah shi saka."

Hamidu ya dubi bokitin. "To in ba ruwa, mi za ya kawo ki?"

"Babu. Kai ba ka da ƙahwa? Gidan kawuna na nan bayan tasha."

Ta juye ruwan a bahon da yake gwada tib ɗin taya, ta tsallake abinta. Tun kafin azahar Hamidu ya rufe shago, ya nufi wurin mai aski.