Shekarar da Baba Ya Rina Unguwa

Dukiyar Baba mai wanki ɗaki ɗaya ce a ƙarshen layi, da baho biyu, da igiya, da dutsen guga. Da farin kaya ya yi suna. In ya yi shanya da hantsi, masu wucewa kan rage sauri.

Autarsa, wadda kumfar sabulu ta kai jami'a, ta tashi ta zama mai binciken ƙura. Ta yi masa bayani yana guga: can nesa, inda ake haihuwar taurari, wani ƙaton tauraro kan mutu ya saki wata walƙiya mai ƙarfi da ake kira gamma. Hasken da ke biyo bayanta ya kamo hanya tun duniya ba ta zama duniya ba. Ƙura ta tare shi, ta cinye shuɗinsa, ya iso a dushe, ja-ja. Aikinta ta auna abin da aka cinye.

"In kin auna, ana maido masa?"

"A'a, Baba."

"To, Allah ya yi albarka."

A shekarar ne fari ya fara yi masa gardama. Ya wanke, ya ɗauraye, ya shanya, sai ya ga kayan sun yi ruwan ɗorawa kamar tsohuwar takarda. Ya zargi sabulu, ya zargi ruwan famfo, ya ƙara bula, shuɗin wanki. Gobe ma ya ƙara. Ba wanda ya iya gaya wa dattijo. Masu kawo kaya dai suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa mai ladabi. Ya rage mai aski kaɗai, shi ma ya soma jan ƙafa.

Ran da Auta ta zo hutu, ta tsaya bakin igiya.

"Baba, wane launi ne wannan?"

"Ke ma kin gani ko? Ya ƙi fita."

Ta juyo da fuskarsa wajen haske, ta daɗe tana duba ƙwayar idonsa.

"Yanar ido ce. Shuɗin ba ya isowa gare ka. Naka dai ana maidowa."

Ya ce wuƙa ba za ta taɓa idonsa ba. Ya kwana biyu a kan bakansa, har mai aski ya aiko cewa matarsa ta koyi wanki. Sannan ya nemi hularsa, suka nufi asibiti.

Da aka cire bandeji, suka tako gida a hankali. Mai kemis na tsaye a ƙofar shago, shuɗi. 'Yan makaranta suka wuce, shuɗaye. Labulen mai shayi, zanin gadon maƙwabta a kan katanga, duk layin yana lilo kamar sama ce ta sauko shan iska.

"Duk ni na yi wannan?"

"Kai ne, Baba."

Ya daɗe a tsaye, ido ɗaya na zubar da ruwa.

"Ai bai yi muni ba," ya ce. "Je ki ce wa mai aski ya bar matarsa ta huta."