Ƙanena na Nombakélé

Mu goma sha ɗaya ne a sujadar Hausa ta ranar Lahadi, har da fasto da matarsa. Ɗaki ne a bayan shagon wani tela a unguwar Sotega, benci huɗu da ganga ɗaya. Yawancinmu 'yan kudancin Kaduna ne da Filato, neman abinci ya kawo mu Libreville. Al'adarmu ce kafin a tashi fasto ya tambaya ko akwai mai roƙon addu'a, mutum ya miƙe ya faɗi damuwarsa a fili, a taru a kai wa Ubangiji. A nan ake jin wadda ta yi ɓari, da wanda mai gidan haya ya watso wa kaya waje.

Wata Lahadi maigidana ya miƙe. Mai walda ne, kuma mutum ne da magana ba ta kwana a cikinsa. Ya ce katin zamansa, wato kart de sejur, ya mutu wata huɗu ke nan. Ya kai takardu an ce ya dawo, ya dawo an ce ba su sauko ba tukuna. A taya shi addu'a. Na ja masa riga, ko waiwayowa bai yi ba. Ranar Laraba 'yan sanda suka je garejin da yake aiki. Ma'aikata bakwai ne a wurin, kusan rabinsu baƙi, amma ba wanda aka tambaya takarda sai shi. Sunansa ma suka kira tun daga bakin ƙofa, suka tafi da shi.

Daga ranar na daina rufe ido in ana addu'a. Kowa ya sunkuya, ni ina bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Cikin almajirai goma sha biyu ma an sami guda, balle mu. Na auna mai kaɗa ganga, na auna matar fasto da bakinta, na ajiye su. Zuciyata ta je ta tsaya a kan uwar zumuntar mata, wadda kowa ke ce wa Mama.

Tsohuwa ce, ta haura shekara talatin a Gabon, nan mijinta ya rasu, tana sayar da kunun gyaɗa a ƙofar ɗakinta a Derrière la Prison, unguwar bayan gidan yari. Ita ta fara sanin inda aka tsare maigidana, kafin ni matarsa. Da muka je kai abinci, ta wuce abinta da kwano a ka, masu gadi suna ta "Maman, Maman", ba wanda ya ce ta nuna komai. Ni kuwa da katina mai rai sai da aka juya shi gaba da baya kamar ana taya kifi. Sannan na lura ba ta shiga taksi. Ko'ina a ƙasa take zuwa, ta lunguna, ba ta bin babban titi. Mai gaskiya me zai sa shi bin lungu?

Kullum da yamma sai ta zo gidana, ta zauna a kan tabarma tana murza gwiwa.

"'Yata, kin ci abinci? Ki ci. Ubangiji ba ya barci, ya san ɗakin da mijinki yake."

A raina in ce, ai ke ma kin sani. Ta kama hannuna ta yi addu'a mai tsawo, har da hawaye, ni ina kallon ƙofa. Na tsane ta a kwanakin nan, ba zan ɓoye ba. Na fi tsanar maganar ƙarfafawar da take yi mini, don tana shiga jikina duk da ba na so.

An ce in ba a samo takardar shaida daga mai garejin ba, za a mai da maigidana gida da kayan jikinsa kawai. Mai garejin kuma ya shiga wasan ɓuya. Na ga in ban gano mai kai rahoto ba, duk hanyar da na biyo za a riga ni toshewa. Sai na shirya wa Mama tarko.

Na rage murya na ce, "Mama, akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Ƙanena ya iso ta ruwa, ba shi da ko fallen takarda. Na ɓoye shi a sito, bayan shagon Alhajin nan na Kamaru mai sayar da bokitai a unguwar Nombakélé. Ki sa shi a addu'a, amma daga ni sai ke."

Ba ni da ƙane. Mu huɗu ne a wurin uwarmu, duk mata.

Teburin da nake suyar ƙosai yana kallon shagon Alhajin. Na zauna ina suya ido na kan sito. Kwana ɗaya, biyu, uku, motar 'yan sanda ba ta zo ba. Maimakon in ji sanyi sai na ce wayo ne, tana jira ƙura ta lafa. Har na ƙona kasko guda saboda kallon titi.

Rana ta huɗu ana yayyafi, wani direban taksi ɗan Nijar da ke sayen ƙosai a wurina ya tsaya. Ya fito da kwano ɗaure a cikin ɗankwali, da tabarma naɗe. Na san ɗankwalin, na zumuntar mata ne.

"Madam, tsohuwar cocinku ta ce in kawo miki. An kama ta a kontrol, shingen 'yan sanda."

Na ce ya sake faɗa.

"Wallahi ni na ɗauko ta. Ta ce tuwo na da zahi, ƙahwahunta sun kumbura, yau dai za ta shiga mota. Muna zuwa shataletale aka tsai da mu, papiye, papiye, a hiddo takardu. Kowa ya hiddo nashi. Ita ba ta da komi, madam. 'Yan sandan yara ne sababbi, ba su san ta ba. Ta ce in ce miki na yaron ne, kwana ukku tana mishi azumi."

Na kwance ɗankwalin. Tuwon masara ne da miyar kuka, da ɗumi har lokacin. Ta sa nama biyu.

A wurin fasto na ji sauran. Katin Mama ya mutu tun shekarar da mijinta ya rasu, don a kan takardunsa take zaune. Tun daga nan take bin lungu. Shekara da shekaru tana kai wa tsararru abinci, ko ta san su ko ba ta san su ba, har masu gadi suka saba da fuskarta suka daina ganinta a baƙuwa. Haka ta san inda aka kai maigidana: ta kai kunu ne ta gan shi a ciki. Fasto ya ce duk ranar da za ta shiga wurin sai ta tsaya a bayan katanga ta yi addu'a tukuna, don tsoro.

Washegari na ɗauki kwano biyu na tafi inda aka tsare su. A ɓangaren mata na same ta zaune a ƙasa, ta riga ta tara wasu 'yan mata uku tana koya musu waƙa da Hausa, su da ba su jin ko sannu. Na zo da niyyar in faɗa mata komai, na yi ta maimaitawa a hanya. Tana ganina ta dafa bango ta miƙe, ta matso bakin ƙarfe, ta duba hagu da dama.

"'Yata, yaron fa? Ba su kai gare shi ba ko?"

Na ce, "Ba su kai ba, Mama."

Ta ɗaga hannu biyu sama. "Kin gani? Kin ga abin da nake gaya miki? Yana ji. Gara ni da shi, ni na ci zamanina. Ya ci tuwon?"

Na ce ya ci.

Bayan mako biyar mai garejin ya kawo takardar, aka saki maigidana. Har yau ban san wanda ya kai sunansa ba. Shi yana zargin wani abokin aikinsa, ni kuwa na daina lissafin fuskoki. Mama aka mai da ita gida, garin da ta bari tana amarya, inda yanzu sai 'yar ƙanwarta kawai ta san ta.

Takan kira ni da wayar yarinyar duk ƙarshen wata. Ta tambayi maigida, ta tambayi zumunta, ta tambayi wanda ya gaji teburin kununta. Daga ƙarshe sai ta rage murya, kamar har can akwai mai saurare, ta ce, "Ƙanen naki ya sami takarda? Kullum da safe ina ambatonsa."