Wuƙar da na ɓoye wa Baffa

Jiya ina fitar da kwanuka daga ƙarƙashin gado na ci karo da 'yar wuƙar Baffa, mahaifin maigidana, irin wadda ake naɗewa a jefa aljihu. Na ja bakinta, ta ƙi buɗuwa. Tsatsa ta cinye ƙusar da ke riƙe bakin da ƙota. Ni na ajiye ta a can, shekara bakwai ke nan.

Duk Juma'a yakan zauna a zaure, ya tsoma gashin kaza a man keken ɗinki, ya ɗiga a ƙusar, ya yi ta buɗewa yana rufewa har sai ya ji ta yi ƙas. Da ita ya gyara komarsa ta kamun kifi a Katagum, da ita yake kankare goro bayan haƙora sun tafi. Da hannunsa ya fara rawa, ya yanke yatsa sau biyu, sai na ɗauke ta yana alwala. Ni ba na shawara da kowa a kan abin da idona ya gani.

Ya tambaya, na ce ban gan ta ba. Ya daɗe yana kallona.

"To, 'yar nan," ya ce, "in Allah ya sa kin gan ta, ki ɗiga mata mai. Damina na tafe."

Ban ɗiga ba, don taɓa ta amsa laifi ne. Ya rasu kafin kaka, bai sake tambaya ba.

Ya Allah, ka haskaka kabarin Baffa, ka sa ya yafe mini ƙaryar da ya gane bai tona ba.