Ruwan da Burulkan ta ƙi roƙa

Yayata Burulkan shekara talatin ta yi tana tuƙa bas a Bishkek, ba ta taɓa goge fentin motar kowa ba. In ta ce za ta yi abu, kai dai matsa mata. Mijinta Toktosun kuwa a tsaunukan Naryn ya tashi, cikin dawakai. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, shekara biyu maganarsa ba ta wuce "to" da "a'a". Likita ya ja ta gefe ya ce da wuya ya ga baɗi.

Sai ta rantse sai ya yi kwana bakwai a makiyayar da aka haife shi. Kwanan ƙasa a tantin makiyaya ya fi ƙarfinsa, don haka ta yi hayar motar nan mai gado da murhu da banɗaki, ta jawo ni in riƙa taya ta ɗaga shi.

Mai motar ya ce, "Inna, can fa ba famfo ba lantarki. In kun yi tattali, ruwan tankin zai kai ku mako."

"Kai ɗan nan, ina tattali tun ba a ɗaura auren uwarka ba. Miƙo makulli!"

Baƙi ne ba mu sa a lissafi ba. A kan tudu, duk mahayin da ya ga hayaƙinka sai ya sauka, kai kuma dole ka dafa shayi. Ga shi an ji Toktosun ya dawo. Rana ta uku famfon motar ya yi tari ya yi shiru. Ƙoramar da muka sani ta ƙafe, man motar kuma na komawa gida ne kawai. In muka sauka, mun sauka ke nan.

Na ce, "Yaya, mu roƙi makiyayan mana."

"Ni? Allah ya sawwaƙe! Tsaya ki ga aiki."

Ta soya fanke tuli, ta zuba a bokitanmu, duk wanda ya zo ta ba shi ya kai wa matarsa. Ai a wurinmu ba a mayar da mazubi wayam. Washegari bokitai suka dawo maƙil: nonon goɗiya, kindirmo, man shanu, har da cinyar rago. Ruwa ko ɗigo. To, wa zai kunyata kansa ya aika wa baƙo ruwa?

Ban taɓa ganin jikin yayata ya yi sanyi ba sai ranar, wallahi ta ba ni tausayi. Ta ce wa mijinta, "Baban Aida, gobe sai gida."

Tsoho Esenbek, abokin kiwon Toktosun na da, yana zaune bakin ƙofa. Toktosun ya doka sandarsa a ƙasa. Bakinsa ya daɗe yana rawa kafin maganar ta fito.

"Esenbek... ruwa... shashasha!"

Esenbek ya zabura har hularsa ta faɗi. "La ila! Shashashan ma ka tuna da shi? Ku kuma da kuka yi gum, so kuke a ce mun kashe baƙi da ƙishi?"

Kafin la'asar dawakai shida suka hauro da jarkoki daga wata rijiya a ƙasan kwari. Burulkan ta zagaya bayan mota ta sha kukanta, ta dawo tana yi mini faɗa wai na bar wuta ta mutu.

Kwana bakwai cif muka yi. Toktosun ya rasu da shigowar sanyi. Har yau cewa take dabararta ce ta kawo ruwan, ni kuwa ban taɓa musa mata ba.