Tsakar Gidana da Man Ƙyalli

Sana'ata busar da kuɓewa. Tun da aka kawo ni gidan nan na Fadaman Mada a Bauchi nake yanka ta, in shanya, in daka, in tankaɗe, in sayar. Aikin yana da tsari kuma ba na tsallake mataki. A wanke kuɓewa, a bari ta tsane, a yanka ta kauri ɗaya. A share tsakar gida sau biyu, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, a jira wurin ya bushe, sannan a baza. A kan siminti tsura nake bazawa, ba tabarma ba buhu, domin zafin daɓe yana busar da ita ta ƙasa, rana tana busarwa ta sama. Kuɓewar da ta bushe da wuri ba ta yin baƙi, kuma yauƙinta ba ya mutuwa.

Ɗana na fari yana aiki a Abuja. Ba na kiran sunansa, haka aka tashe mu, kuma doguwar magana ba ta taɓa haɗa mu ba. In yana da saƙo sai ya gaya wa autata da ke zaune tare da ni, ita ta gaya mini, amsa ta koma ta hanyar da ta zo.

Bayan rasuwar mahaifinsu ya aiko ma'aikata su gyara tsakar gida. Ban hana ba, don tsohon daɓen ya tsattsage. Suka fasa shi, suka zuba sabon siminti, suka buga masa zane kamar duwatsu, suka sa masa jan launi. A rana ta ƙarshe babbansu ya zo da jarkoki biyu na wani mai marar launi, ya bi wurin da rola tun daga bakin ƙofa har ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Da ya bushe sai ƙasa ta riƙa ƙyalli kamar an zuba ruwa. Tun daga nan muke ce masa man ƙyalli.

Na tambayi mutumin amfaninsa. Ya ce yana hana ruwa shiga siminti, yana riƙe launi.

"Zai kai yaushe?"

"Shekara uku, Hajiya, ba abin da zai taɓa shi."

"Har rana?"

"Wace rana? A Legas ma shi ake sawa."

"Na tambaye ka Legas?"

Ya yi dariya ya naɗe tabarmar sallarsa ya tafi. Wannan da kaka ne, ruwa ya ɗauke ke nan.

Ga yadda abin ya tafi, bi da bi. Watannin sanyi ba abin da ya faru, sai santsi in an yi alwala. Da bazara ta shigo, tsakanin azahar da la'asar man yakan yi laushi, silifas ya riƙa mannewa yana ƙara in an ɗaga ƙafa. Kuɓewa ma ta riƙa mannewa, sai na sa murfin kwano na kankaro ta. Da damina ba na shanya, amma na ga fararen tabo sun fito a tsakiya kamar an yayyafa gari. Da sanyi na biyu ƙyallin tsakiya ya dushe. Da bazara ta biyu ya fara ɓarewa, siriri, kamar ɓawon albasa. Shekara ɗaya da rabi ke nan, ba uku ba.

Na ga ɓawon, na ƙara sharar ta zama sau uku, na ɗauka na gama da shi. Nan ne na yi kuskure kuma ban ɓoye ba. Ba shi da launi, yana bin kuɓewa cikin turmi, ya daku tare da ita, ya wuce rariya.

Akwai wata mata 'yar kudu mai gidan abinci a Yelwa, ɗalibai ne yawancin masu cin abincinta. Shekaru tana ɗaukar garin kuɓewa a wurina. Wata safiya ta sauka daga keke da ƙaramin kwano a hannu, ta buɗe a gabana, ta sa cokali ta ɗago miya zuwa haske.

"Mama, duba wannan. Leda ne ko menene?"

Na duba. Wasu abubuwa ƙanana suna ƙyalli a saman miyar.

"Yaran makaranta suna ce na dafa musu silifas," in ji ta. Tana dariya, amma ta ajiye mini sauran garin a bakin ƙofa. "Ni na san ke, Mama. Su ba su sani ba."

Ban yi mata musu ba. Na kwashe garin da na daka a watan nan gaba ɗaya na zubar a bola, na daina shanya. A shekaruna na sana'a ba a taɓa dawo mini da kaya ba sai ranar.

Na ce auta ta gaya wa yayanta. Amsa ta dawo da yamma, tana faɗa tana kallon ƙasa.

"Inna, Yaya ya ce ya yi magana da mai aikin. Wai tsintsiya ce da turmi da kankarar da kike yi suka cinye man. Zai turo a sake shafawa bayan sati biyu. Wai kuma ki huta da shanyar nan haka, shi zai riƙa yin komai."

"Sai me kuma?"

"Wai in ya zo da baƙi ba ya son su tarar da kuɓewa a hanya."

Washegari na zaga gidan na duba da idona. A ƙarƙashin darbejiya nake ajiye turmi, nan ake daka kullum, nan ake shara fiye da ko'ina, kuma man wurin yana nan da ƙyallinsa. A lungun bayan tankin ruwa ba mai takawa, tsintsiya ba ta shiga, amma rana tana dukansa tun hantsi. Nan ya ɓare tas, har jan launin ya koɗe.

Na aika aka sayo mini burushin ƙarfe guda biyu. Na raba tsakiyar gidan gida tara da gawayi. Kowace safiya bayan na karya, in jiƙa gida ɗaya, in durƙusa in goge har siminti ya fito da kaushinsa, in wanke, in bar wa rana. Auta ta taya ni kwana biyu tana mita.

"Inna, Yaya zai kashe ni."

"In ya tambaya ki ce ni ce. Matsa can, kin bar gefe."

Gwiwoyina sun kumbura a rana ta biyar, na ɗaura zane na ci gaba. A rana ta goma na wanke wurin gaba ɗaya. Na shafa tafin hannuna ko'ina na duba a haske, ba abin da ya biyo shi. Na sayo kuɓewar rani kwando biyu.

Ranar da mai aikin ya zo da jarkokinsa, tsakar gida kore ce daga bango zuwa bango. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Hajiya, ina zan taka?"

"Bi ta gefen bango. Zo in nuna maka wani abu."

Na kai shi ƙarƙashin bishiya, na kai shi bayan tanki. Na ce ya gaya mini a wanne ne tsintsiyata ta yi ɓarna. Ya sosa ƙeya. Ya ce gaskiya rana tana cinsa, shi ya sa ake sabuntawa, kuma ranar Bauchi ba ta wasa.

"Ashe ka san ta," na ce.

Ya kira ɗana a waya ya fara bayani. Ina jin muryar ɗan nawa tana tashi daga can. Auta ta miƙa hannu za ta karɓa kamar yadda aka saba. Na riga ta.

"Ni ce," na ce.

Ɗana ya ce, "Inna, ina kwana."

"Lafiya. Saurara, magana uku ce. Ta farko, man nan shekara ɗaya da rabi ya yi, rana ce ta cinye shi, mai aikinka yana nan ya gani. Ta biyu, ya shiga abincin mutane ta hannuna, kuma ba zai sake shiga ba. Ta uku, inda rana take faɗa a gidan nan wurin aikina ne. Baƙinka su ga kuɓewa, da ita aka kai ka makaranta."

"Inna, ni gyara nake so in yi miki."

"Na sani. Allah ya yi albarka. A shafa a baranda, can inuwa ce. Tsakiya a bar mini."

Na miƙa wa mai aikin wayarsa. A baranda kaɗai ya shafa, ya koma da jarka ɗaya ba a buɗe ba.

Wata biyu ba saƙon da ya zo ta wurin auta. Abin ya dame ni, amma ban aika ba. Mai gidan abincin nan na aika mata gari kaɗan ta gwada, sai da ta gwada sau biyu kafin ta dawo da ɗauka kamar da.

Ɗana ya zo kafin damina ba tare da ya sanar ba. Ina cikin juya kuɓewa na ji mota ta tsaya a waje. Ya leƙo, ya ga ba wurin shigo da ita, ya bar ta a titi. Ya bi ta gefen bango a hankali, yana ɗage babbar rigarsa kada ta share shanya, ya durƙusa ya gaishe ni. Na amsa. Na ce auta ta kawo masa ruwa, na ci gaba da juyawa daga layin da na tsaya.